Kuɗin Gidauniya a Asusun Ɗan Yayarka: Nan Matsalar Take, Alhaji

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Shekara biyu ke nan ni da abokaina masu shaguna muka kafa gidauniya don ba yaran shago jari su tsaya da ƙafarsu. Mun tara kusan naira miliyan 12, mun ba matasa wajen 40. Ɗan yayata ne yake riƙe kuɗin a asusunsa na banki, don shi ne ya yi boko, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Yanzu masu bayarwa sun fara ja da baya, wasu har suna ƙananan maganganu. Ta yaya za mu samu tallafin manyan ƙungiyoyin waje, mu huta da bin 'yan kasuwa?"

Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Amma ajiye maganar dalar Turawa tukuna. Mutanen da kuke sallar azahar sahu ɗaya da su, waɗanda suka san gidanku, sun fara riƙe hannu. Kana ganin wanda bai taɓa ganin fuskarka ba zai zubo muku kuɗi? Abin da zai fara nema shi ne takardar rajista da lissafin da odita ya duba, kuma ba ku da ko ɗaya. Ko Gidauniyar Tony Elumelu, da tun 2015 take ba matasan Afirka jarin dala 5,000 kowanne, matashin da kansa yake nema, shi ake tantancewa, shi ake ba.

Kuskurenka guda ne, kuma da bakinka ka faɗe shi: kuɗin jama'a yana cikin asusun mutum ɗaya, mutumin kuwa ɗan yayarka ne. Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Na ce ka ɗora shi a wurin da ba ka iya tuhumarsa. Gobe in abokinka ya ce a kawo takardar shige da ficen kuɗi daga banki, kai za ka fara ɓata rai, don ka san maganar za ta je kunnen mahaifiyarsa kafin magariba. Abokanka sun san haka, shi ya sa ba sa tambaya. Sun dai daina bayarwa. Ka ce "kusan miliyan 12", ka ce "wajen 40". A shagonka za ka yarda yaro ya ce maka kusan dila kaza ta rage a sito?

Na taɓa duba lissafin wata ƙungiya irin taku, wadda ma'ajinta ƙanin shugaba ne, mutumin kirki mai tsoron Allah. Bai tashi da niyyar cin ko kwabo ba. Matarsa ta kwanta asibiti, ya ciri dubu ɗari da nufin mayarwa ƙarshen wata. Wani abokinsa ya ce a ara masa kuɗin kwana uku ya fanso kaya. Da yake asusun ɗaya ne da na cefanensa, bayan shekara shi kansa bai san nawa ne nasa, nawa ne na ƙungiya ba. Ranar da muka zauna, kusan kashi ɗaya cikin huɗu babu bayaninsa. Ƙungiyar ta watse, wa da ƙani suka daina gaisawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗanda suka bar masa miliyoyi ba mai leƙawa suna da nasu alhakin.

To ka raba yaron nan da wannan kaya tun yana da mutuncinsa. Ku yi rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a matsayin ƙungiya mai amintattu, yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, ku karɓi takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don banki zai neme ta kafin ya buɗe muku asusu da sunan gidauniya. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma kada su fito daga gida ɗaya, kada kuma ɗayansu ya zama yaron ɗayan a kasuwa. Mai riƙe littafi daban, mai sa hannu daban, masu zaɓen wanda za a ba jari su ma daban. Kai da kake shugaba ka haƙura da sa hannun ma, ya fi maka kwanciyar hankali. Rajistar tana zuwa da nauyin miƙa rahoto ga CAC duk shekara, kada ku yi ta ku jefa takardar a durowa.

In ɗan yayarka zai ci gaba da rubuta littafi, ku yanka masa alawus a fili, kowa ya sani. Matashin da yake juya miliyoyi kyauta, yana sayen data da mai daga aljihunsa, wata rana zuciya za ta ce masa ai yana da haƙƙi. A ganina, in hidimar gudanarwa ta tsaya wajen kashi 10 cikin 100 kuma an rubuta ta, babu mai hankalin da zai yi ƙorafi.

Sai abin da ba ka faɗa ba: jarin nan kyauta ne ko rance? Ina zargin su yaran ma ba su sani ba. In rance ne, a rubuta da shaidu da wa'adi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In kuma akwai zakka a cikin abin da kuke tarawa, ku ware ta, ku tambayi malamai, don a wurin mafi yawansu zakka mallaka wa mabuƙaci ake yi, ba a rantar da ita. Ku kuma sa a lissafi cewa kuɗin da ya dawo ya rame. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, don haka dubu 300 da kuka bayar shekara biyu da suka wuce ba za ta sayi atamfar da ta saya a lokacin ba, ko da an biya ku cif.

Kafin wata ya ƙare, ka sa yaron ya ciro takardar banki ta shekara biyun gaba ɗaya. Ku ba wani akanta da ba shi da dangi a cikinku ya tsefe ta, ku bi matasan nan shago shago ku ga wa yake juyawa, wa ya karye, wa ya sayi babur ko ya yi aure da jarin. Sannan ka tara duk wanda ya taɓa ba da ko dubu biyar, ka karanta musu abin da aka samu, har da giɓin in akwai shi. Ita kuwa yayarka, kai za ka je gidanta da kanka ka yi mata bayani kafin a fara, kada ta ji a bakin wani.