Ga ƙanenmu da zai fara aikin lilo a Dubai

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, cewa ka samu aiki a wani babban wurin wasanni a Dubai, an ce ɓangaren lilo za a kai ka, kana son sanin abin da za ka tarar da shirin da ya kamata ka yi. Na ga 'yan uwa sun yi maka addu'a, Allah ya amsa. Wani kuma ya ce ai ka haye, za ka riƙa hawa lilo kyauta ana biyanka albashi. Wannan ya ba ni dariya, don ni ma da wannan tunanin na sauka ƙasar. Shekara huɗu na yi ina wannan aiki a can, kuma hawan da na yi duka duka bai fi a ƙirga da yatsu ba.

Bari in fara da takardu mu wuce su, tunda ka ce kamfanin ne da kansa ya yi maka biza. Ka karanta kwantiraginka da kyau, musamman inda aka raba albashi gida biyu, ainihin albashi da alawus. Kuɗin ƙarin awa da kuɗin sallama duk a kan ainihin albashin ake lissafa su, ba a kan jimlar da ke shiga asusunka ba. Kuɗin sallamar nan albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, kuma sai ka cika shekara guda yake hawa kanka. Dokar ƙwadagon da ta fara aiki a Fabrairun 2022 ta ce lokacin gwaji ba ya wuce wata shida, aiki awa takwas ne a rana ko 48 a mako, a azumi kuma ana rage awa biyu. Fasfonka naka ne, babu mai hurumin riƙe maka shi. Za a kai ka gwajin jini da hoton ƙirji kafin katin zama ya fito. Iyakar abin da zan ce a nan ke nan.

Makon farko ba za ka taɓa ko maɓalli ɗaya ba. A aji za a zaunar da ku da 'yan Filifin da Indiya da Nepal da Kenya da Uganda da Masar, a yi ta koya muku murmushi da yadda ake nuna wa baƙo hanya da tafin hannu a buɗe maimakon ɗan yatsa. Daga nan a miƙa ka ga wani tsohon hannu a lilo ɗaya tak, ya ba ka littafin ƙa'idojinsa, ka haddace, a yi maka jarrabawa, a sa hannu. Sai an sa hannun nan kake da izinin tsayawa kai kaɗai. Lilo na biyu ma haka, sabon littafi, sabuwar jarrabawa. Kada ka raina karatun, ko da ka ga maimaici ne.

Ni an kai ni irin jirgin nan ne da ke gudu a kan layin ƙarfe, yana hawa yana gangarowa yana juyewa da mutane ƙasa a sama. Mu huɗu ne a duti: ɗaya a bakin layi da sandar auna tsawon masu hawa, biyu a gefen jirgi suna duba ƙarfen da ke danne mutum a kujera, ɗaya a ɗakin maɓallai. Lokaci-lokaci ana juya mu don kada ido ya saba ya daina gani. Jirgi ba ya tashi sai na cikin ɗaki da na gefen jirgi sun danna tare, bayan kowa ya ɗaga babban yatsa. Da safe kafin a buɗe ƙofa, injiniyoyi sun riga sun bi layin, mu kuma mu saki jirgin fanko ya zagaya, a cike takarda. Wannan shi ne aikin. Ka ja ƙarfe, ka ja na gaba, ka ja na gaba, sau ɗaruruwa a wuni, waƙa ɗaya tana ta maimaita kanta a kanka har ka riƙa jin ta a mafarki.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan dogon bayani. Zafi da tsayuwa da kewar gida duk za ka saba da su. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kara. Mu an raine mu a kan kada ka ce wa babba a'a ido cikin ido, kada ka kunyata mutum gaban iyalinsa. Tarbiyya ce mai kyau, amma a bakin lilo ita ce za ta fara kai ka ƙasa.

Wata rana da hutun babbar Sallah ina bakin layi, sai ga wani dattijo da farar shadda da hula zanna, da matarsa da yara uku. Na ji suna Hausa, raina ya yi fari, na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ɗan ina ne, wace unguwa, ya aiki ya haƙuri da mu. Manyan yaran biyu suka wuce sandar. Ƙaramin ya tsaya, na sa shi ya haɗa dugadugansa, sandar ta wuce saman kansa da kamar faɗin yatsa biyu. Ƙa'idar lilon santimita 130 ce. Yaron ya fara ɗage, na ce ya sauke ƙafa. Sai Alhaji ya matso ya rage murya ya ce, haba ɗana, ɗan wannan abin? Tun daga Kano muka taso, saboda wannan jirgin ya hana mu barci, ni zan riƙe shi da hannuna. Wallahi sai da gumi ya keto mini. Ga yaro idonsa ya cika da hawaye, ga Hajiya tana kallona, ga layi ya taru a baya. Na ce, Baba ka yi haƙuri, ƙarfen nan an ƙera shi ne da girman jiki, idan yaro bai kai ba akwai rata tsakaninsa da kujera, kuma in jirgi ya kife hannun mutum ba ya riƙe kowa. Ya ce ashe ɗan uwa ma ba ya rana a ƙasar nan. Maganar ta soke ni. Na kira wata abokiyar aikina ta raka yaron wani lilon da ya dace da shi, muka yi yadda aka saba, babba ɗaya ya tsaya da yaro, in sauran sun sauko shi ma ya hau ba tare da ya sake bin layi ba. Alhaji bai yi mini sallama ba da zai tafi. Na kwana da abin a raina, amma ko yau aka dawo da ni wurin, amsar ita ce dai.

Kuma ka sani ba 'yan uwanmu kaɗai ba. Balarabe zai ce maka "yalla, yalla", wato yi sauri, Bature zai ce a kira masa manaja, wani zai cusa takarda a takalmin ɗansa, wata ta tara wa 'yarta gashi a tsakiyar ka. Ka auna daga ƙoƙon kai. In gardama ta yi tsawo kada ka ɗaga murya, ka ɗauki oba-oba ka kira oga, aikinsa ke nan. Akwai kyamara a kanka, kuma wanda ya bar yaron da bai kai ba ya hau, ko babu abin da ya faru, zai iya rasa aikinsa a ranar.

Haka batun kaya. Waya, hula, tabarau, carbi, duk a ajiye. Mayafi mai tsawo a cusa shi cikin riga ko a ɗaure, babbar riga a tattare ta. Ka je Ferrari World da ke tsibirin Yas a Abu Dabi wata rana ka ga jirgin lilonsu mai suna Formula Rossa, wanda ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin kamar daƙiƙa biyar, har tabarau na musamman ake sa wa masu hawa saboda ƙura da ƙwari. A irin wannan gudun, wayar da ta kuɓuce daga aljihun na gaba jifa ce a fuskar na baya. Idan mace ce a kujera, ƙarfen za ka kama ka ja, ba jikinta ba, kuma ka faɗa mata kafin ka miƙa hannu. In ka ga alamar ba ta so, kira abokiyar aiki. Kalmomin Larabci "mamnu'", wato an hana, da "lau samaht", wato don Allah, za su yi maka amfani ƙwarai. Larabcin Islamiyya yana taimakawa, sai dai za su yi murmushi, don a kunnensu kamar mai karanta labarai kake.

Ranar da jirgi zai fara tsaya maka a sama da mutane, cikinka zai ɗuri ruwa. Ni a wata na biyu abin ya same ni, na ji ƙararrawa, na ɗaga kai na hango jirgi cak a kan hawa, mutane suna ihu. Ashe ba lalacewa ba ce. Layin an yanka shi kashi-kashi, kuma na'ura ba ta yarda jirgi biyu su shiga kashi ɗaya. Da zarar wani ma'auni ya ga abin da bai gane ba, ko an yi jinkirin sallamar jirgin da ke tasha, sai ta tsayar da na baya a inda aka tanada. Birkin ma an yi shi ne yadda in wuta ta ɗauke zai kama, ba saki ba. Naka shi ne ka yi wa mutane magana ta lasifika cikin natsuwa, ka ce kowa ya zauna yadda yake, ka jira injiniya. Kada ka yi karambanin gyara, kada ka tsallaka shinge don ɗauko wa wani hularsa. Wurin da aka kulle, an kulle shi ne don jirgi ba ya ganin mutum.

Zafi kuwa, ka roƙi Allah a kai ka wurin da ke cikin rufi, irin su IMG Worlds of Adventure ko Warner Bros. World, inda sanyin na'ura ne zai dame ka. In a fili ne, Yuli da Agusta sai ka yi kewar zafin Sakkwato, don na can da gumi yake zuwa, riga ta manne a jiki tun kafin hantsi. Doka ta hana aiki a fili cikin rana daga 12:30 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, wuraren fili kuma kan sauya lokutansu, Global Village ma, wato babban filin baje koli da wasanni na Dubai, rufewa take gaba ɗaya sai sanyi ya dawo. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba.

Ka cire rai da hutun Asabar da Lahadi, da na Sallah. Ranar da kowa ke hutu ita ce ranar kasuwarku. Sallata ta farko a can, daga masallacin Idi motar kamfani na shiga, na ci shinkafar kanti a tsaye, na kira Inna ta bidiyo a bayan ɗakin maɓallai cikin minti goma na hutu. Doka ta ce a rama maka ranar ko a biya ka da ƙari, to ka riƙa rubuta kwanakinka a waya, kada ka dogara da lissafin ofis kaɗai, ni an taɓa mantawa da nawa sai da na nuna. Batun salla ka gaya wa oganka tun ranar farko, akwai masallatai a cikin wuraren, kuma in ka riƙe wa ɗan Filifin dutinsa ranar Lahadi ya je coci, shi zai riƙe maka Juma'a.

Kafin ka taso, in ba kamfani ne zai ba ka takalmi ba, sayi baƙi mai taushin ciki, ya ɗan fi ƙafarka kaɗan, don da yamma ƙafa kumbura take. Safa kuma ka ɗebo da yawa. Yaji da kuka da daddawa a ƙulle su da kyau a jakar da za a auna, goro kuwa ka bar shi a gida. In ka sauka ka san lilon da aka ba ka, ka dawo zauren nan ka faɗa mana.