Amsoshin Tambayoyinku: Akawu, Bature da Mabuɗin Ilimi

Wani ɗalibi daga Zariya: Malam, muna karanta littafin Mister Johnson na Joyce Cary, wanda gwarzonsa akawu ne. Ina asalin kalmar?

Daga Yarbanci muka aro ta, akọ̀wé, wato mai rubutu. Ba abin mamaki ba ne, don akawunan farko a ofisoshin Turawa galibi 'yan Kudu ne, kamar Johnson ɗin littafin.

Wata malama daga Bauchi: Tunda Cary ya yawata duniya, ashe ba shi ne “tafiya mabuɗin ilimi” ba?

Malama, kin sosa min inda ke yi min ƙaiƙayi. Yanzu kowa ya sauka daga jirgi sai ya ɗauki hoto ya liƙa wannan karin magana a Facebook, kamar tikitin jirgi takardar digiri ce. Ku dubi kalmar da kyau. Mabuɗi aka ce, ba a ce ɗaki ba. Wani yakan buɗe ƙofa ya tsaya a bakinta yana leƙe.

Tafiya kam Cary ya sha ta. Ya koyi zane a Faris da Edinbara, ya yi karatu a Okusfod, ya yi aikin jinyar mayaƙa a Montenegiro lokacin yaƙin Balkan. Daga nan ya shigo aikin mulki a Arewacin Najeriya. Ya yi yaƙin Kamaru, aka ji masa rauni a Dutsen Mora, sannan ya riƙe Borgu yana ta faman gina hanyoyi da gadoji, har ya koma Ingila a 1920. Wannan haukar hanya ita ya ɗora wa Rudbeck, jami'in da Johnson ke yi wa aiki, a littafin da ya fito a 1939. Can ya yi gwaninta, don kansa ya zana. Amma Johnson fa? Kullum waƙa, rawa da bashi, kamar yaron da ya ƙi girma. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, bai ga ɗan ƙasarsu a ciki ba, kuma haushin hakan na cikin abin da ya tura shi rubutu. Ni a ganina littafin Cary na 1944 kan tsohon mai zane, The Horse's Mouth, ya fi rai nesa ba kusa ba. Wannan ɗakin ya shige shi har ƙurya tun yana saurayi.

Kuma don Allah a daina rubuta “mabudi” ba lanƙwasa.

Wani daga Maraɗi: Bature za mu kira Cary ko ɗan Ingila?

A Deri ta Ayalan aka haife shi a 1888, a Okusfod ya mutu a 1957. Ka ce Bature ka huta.

Di'o fa, Hausa ce?

Ta zama. Haruffa biyu ne na Ingilishi muka ɗinke, D.O., wato jami'in mulkin gunduma a zamanin Turawa, kamar yadda muka yi wa En'e (N.A., hukumar gargajiya).