Tambaya Da Amsa: Maganin Sa Barci Na Kare Ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗaliba ce, na ji wai in jini ya yanke wa ƙwaƙwalwar dabba aka yi mata allurar thiopental, wato maganin sa barci, ɓarnar na raguwa, to me ya sa ba a yi wa kowa?

Amsa: 'Yata, matsalar zuciya ce. Thiopental da pentobarbital, wani maganin sa barci irinsa, suna rage aikin ƙwaƙwalwa, iskar oksijin da take ci ta ragu kusan rabi, matsin cikin kai ma ya sauka. Shi ya sa gwajin da aka yi kan birai da karnuka a shekarun 1970 ya ba da sha'awa, musamman in jijiyar jini ɗaya ce ta toshe.

Amma fa maganin na raunana bugun zuciya yana sakin jijiyoyin jini, ƙarfin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwar da dama yunwar jini take ji sai ta ƙara rasawa, gyaran gangar auzinawa kenan. Ga shi jikin dabbar kan yi sanyi a barcin, sanyin shi kansa kariya ne, wani yabon nasa ne ba na maganin ba. Da aka gwada kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya, sakamakon 1986 bai nuna amfani ba.