Tambaya da Amsa: Tsohon Kuɗin Amurka na 1801 a Cikin Kayan Gado

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun samu wata 'yar jaka a akwatinsa ɗauke da tsofaffin kuɗi, kwabo mai huda da anini da sisi da sule. A cikinsu akwai wani babba na jan ƙarfe marar huda, gabansa da hoton kan mace da shekarar 1801, bayansa an rubuta ONE CENT, daga ƙasa kuma 1/000. Wani ya ce jabu ne tunda lissafin ba daidai ba ne, wani kuma ya ce miliyoyi ne a hannunmu. Da yake kayan gado ne, muna neman a haska mana. Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna makoma. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da babban santin Amurka, wanda aka riƙa bugawa a Filadelfiya daga 1793 zuwa 1857, kuma wannan lissafi da ya ba ku tsoro ba ya nuna jabu. Abin da ya kamata a rubuta shi ne 1/100, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, amma mai sassaƙa ya yi kuskure ya sa 1/000, aka kuma buga kuɗin a haka.

Dalilin haka yana cikin yadda ake aikin a wancan zamani. Ana matse kowane kuɗi ne tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, ɗaya na gaba ɗaya na baya, kuma da hannu ake dasa haruffa da lambobi da ganyayyaki a jikin kowane hatimi, don haka ba a samun guda biyu da suka zo daidai. Idan hatimin gaba ya fashe sai a cire shi a haɗa na bayan da wani sabo. Kowace irin wannan haɗuwa ita masana ke ƙirgawa a matsayin iri guda. Misalinsa kamar hatimin ofis ne da ya tsage a gefe: duk takardar da aka buga da shi sai tsagar ta fito, kuma tana ƙara faɗi gwargwadon yadda ake aiki da shi. Wani masanin tsofaffin kuɗi mai suna William Sheldon ya tattara waɗannan ire-iren na 1793 zuwa 1814 a littafinsa na 1949, wanda aka sake fitarwa da gyara a 1958, ya ba su lambobi daga S-1 zuwa S-295, kuma har yau da su ake ciniki.

A shekarar 1801 kaɗai an buga santi 1,362,837, saboda haka shekarar ba ita ce abin nema ba, kuma tsufa shi kaɗai ba ya sa kuɗi tsada. Irin hatimin shi ne magana. Ka samu madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ka fita hasken rana, ka juya bayan kuɗin ka duba wurare biyu. Na farko, a ƙarƙashin zoben ganyen da ya kewaye rubutun, inda aka ɗaure shi da zare, a ƙa'ida kara biyu ne ke leƙowa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka ga ko naku ɗaya ne kawai. Na biyu, ka karanta kalmar UNITED a hankali, domin akwai hatimin da aka fara dasa harafin farko a juye, aka sake dasa shi daidai a kai, har kalmar ta fito kamar IINITED. Idan duk waɗannan sun haɗu da 1/000, to kuna riƙe da wanda ake kira mai kurakurai uku, kuma masu tara kuɗi suna sonsa ƙwarai. Ko a nan ma akwai sauran aiki, domin wannan hatimin baya an haɗa shi da hatimin gaba guda biyu: S-219 ana samunsa ba da wahala sosai ba, S-218 kuwa ya fi shi ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma ana bambanta su ne ta wurin zaman lambobin shekara da haruffan LIBERTY a kan gashin matar. Idan kuwa karan biyu ne kuma kalmar ta fito lafiya, to wani iri ne dabam daga cikin masu 1/000.

Ƙarancin ma yana da ma'auninsa, daga R-1, wanda aka ƙiyasta akwai fiye da 1,250, zuwa R-5 mai 31 zuwa 75, har R-8 wanda bai wuce uku ba. Bayan wannan sai lafiyar kuɗin, wadda ake auna ta daga 1 zuwa 70. Kuɗin da ya suɗe ya yi tsatsa kore ba ya kai ko kusa da darajar ɗan'uwansa mai kyau, ko da irinsu ɗaya.

Kafin komai ku tabbatar na gaske ne. Ku kai shi wurin mai sayar da gwal a kasuwa ya ɗora a ma'auninsa: asalin nauyinsa giram 10.89 ne, wanda ya sha hannu zai ɗan gaza haka kaɗan, faɗinsa kuma kusan milimita 29. Maganaɗisu ba ya kama shi. Gefensa sumul yake ba rubutu, kuma idan kun ga layin haɗi ya zagaye gefen kamar an manna fuska biyu, to kwaikwayo ne.

Abin da na fi roƙonku shi ne kada kowa ya wanke shi. Na san hannu yana saurin kai wa toka ko lemon tsami ko tsamiya don abu ya yi ƙyalli, amma wannan launin ƙasa-ƙasa da shekaru fiye da 200 suka shimfiɗa shi ne masu saye ke dubawa, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Ku riƙa kama shi ta gefe, ku ajiye shi a ƙaramin ambulan na takarda nesa da danshin damina. Tunda haƙƙin magada ne, kada ku sayar wa wanda ya fara tayawa. Ku ɗauki hoton gaba da baya da gefe ƙarara, ku nuna wa masani fiye da ɗaya, kuma a sanar da dukkan magada lambar irin da aka gano kafin a yi maganar farashi.