Akwai hannun mutum a cikin 'yar tsanar nan

'Yar'uwa, kin ce kin nemo wa yaranki tsofaffin shirye-shiryen 'yan tsana da muka taso muna kallo a talabijin, ke kina ta ɗoki, su kuwa ko minti biyar ba su yi ba suka watse. Shi ne kike tambaya ko da gaske sun fi na yanzu, ko kewar yarinta ce kawai take ruɗar mu. Ni ma na yi wannan gwajin da nawa yaran.

Kewa tana ciki, kada mu yaudari kanmu. Ranar da na sake kallon Thunderbirds, shirin Gerry Anderson da aka fara nunawa a Ingila a 1965, dariya ce ta kama ni. Ga wayoyin da ake jan 'yan tsanan da su nan ɓaro-ɓaro, abin da ban taɓa lura da shi ba ina yaro. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa kullum suna zaune cikin jirgi ko mota: 'yar tsanar da aka rataya da waya ba ta iya takawa irin ta mutum, sai masu shirin suka riƙa kauce wa tafiyar. In za a danna wani maɓalli kuwa, hannun mutum na gaske ake haskowa. Babban ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, wai wannan kuke rububin kallo?"

Amma da na koma kan aikin Jim Henson, Ba'amurken nan mai ƙirƙirar 'yan tsanar da ake zura wa hannu, sai na ga ba kewa ce kaɗai ba. Mutumin nan a 1955 ya yanka tsohon kwat ɗin mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi idanu, abin da ya zama 'yar tsanar kwaɗon nan Kermit ke nan. Ya zaɓi ƙyalle mai taushi ne don yatsunsa su iya murtuke fuskar ko su sake ta. Mai wasan yana ƙasa, hannunsa a sama, yana duban ƙaramin allo don ya ga abin da mai kallo yake gani. Shi ya sa in Kermit ya yi shiru ya ɗan tsuke baki, kin san ransa ya ɓaci tun bai ce uffan ba.

Dubi Big Bird na Sesame Street (shirin yara na Amurka da Henson ya yi wa 'yan tsana), tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa, tsayinsa ƙafa 8 da inci 2. Caroll Spinney ne a ciki tun daga 1969 har 2018. Hannunsa na dama a miƙe yake saman kansa yana motsa bakin tsuntsun, ba ya ganin waje sai ta ƙaramin allon da aka ɗaura masa a ƙirji. Ki ɗaga hannunki sama minti uku kawai ki ji yadda kafaɗa take yi. Ernie kuma, wata 'yar tsanar a shirin, mutum biyu ke riƙe shi, ɗaya da kai da hannun hagu, ɗaya da hannun dama.

Abin da ya fi burge ni, da farko ba a so a haɗa 'yan tsana da mutane a fage ɗaya, don masana sun ji tsoron yara za su rikice. Da aka gwada shirin kafin fitowarsa, sai aka ga hankalin yara yana gushewa da zarar mutane zalla ne a allo. Dole aka shigo da Big Bird da wata 'yar tsanar mai suna Oscar cikin unguwar da mutanen shirin suke. Wannan cuɗanyar ce ta sa abin ya yi nauyi daga baya. Da Will Lee, mai fitowa a matsayin Mista Hooper mai kanti, ya rasu a 1982, ba a sa wani a madadinsa ba. A 1983 aka zaunar da Big Bird aka gaya masa mutumin ya mutu kuma ba zai dawo ba. Masu yi masa bayanin abokan aikin mamacin ne na shekaru. Da girmana na kalli wurin nan, kuma sai da na share ido.

Game da yaranki, ki duba shekarunsu tukuna. Sesame Street don waɗanda ba su shiga firamare ba aka yi shi, ɗan shekara goma ba zai zauna ba. Kada kuma ki kunna musu awa guda ki tashi; gutsure na minti biyu ko uku ya isa, kina zaune tare da su.

Nawa dai ba allon ne ya kama su ba. Wata rana na zura hannu cikin tsohuwar safa, na liƙa mata maɓallan riga biyu, na maƙale murya. 'Yar autata tana ganin bakina yana motsi, amma safar take kallo, ita take ba amsa. Har ta raɗa mata cewa ita ce ta fasa kofin da muka kwana biyu muna cigiya.