Tambaya da Amsa: An ɗora min kwas ɗin tsara shiri ta kwamfuta, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni lakcara ce a sashen kwamfuta, wannan zangon aka ɗora min kwas na 'yan mastas kan yadda na'ura ke tsara matakan aiki da kanta, wato a ba ta manufa ita ta nemo hanyar kaiwa. Gaskiya ba fannina ba ne sosai, ga ɗalibai na ta cewa wai tunda ChatGPT ya zo me za a yi da tsohon abu. Don Allah ta ina zan fara? — Wata malamar jami'a

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo. Shawarata kar ki buɗe zango da cika allo da lissafi, tun satin farko ki sa su rubuta matsala da hannunsu kwamfuta ta warware, lissafin zai zo daga baya kuma lokacin su da kansu za su nema.

Tushen abin ba shi da yawa. Akwai halin da ake ciki, akwai inda ake son kaiwa, sai matakai, kowane mataki da sharaɗinsa da abin da yake ƙarawa da abin da yake gogewa. Haka Richard Fikes da Nils Nilsson suka tsara STRIPS, manhajar tsara shiri, a 1971 a cibiyar SRI ta Amurka don mutum-mutumin nan Shakey, har yau a kansa ake gini. A 1998 Drew McDermott da abokan aikinsa suka fito da PDDL, yaren da ake rubuta irin waɗannan matsaloli, saboda gasar manhajojin tsara shiri ta farko. To ki ba su wasan nan na mutumin da zai ƙetarar da kura da akuya da damin dawa a kwalekwale su rubuta da PDDL. Za ki sha dariya, wani zai manta bai goge akuya daga wannan gaɓar ba sai ki ga akuya ɗaya tana gaɓa biyu lokaci guda, kuma manhajar ba ruwanta, abin da aka rubuta mata shi za ta bi. Wannan kuskuren ya fi lakca uku koyarwa wallahi.

Daga nan ki ƙara musu girman matsalar har kwamfutar ta fara nishi. Abubuwa 30 kacal masu amsar i ko a'a suna iya ba da yanayi sama da biliyan 1, a nan za ki kawo sakamakon Tom Bylander na 1994 da ya nuna irin tsananin wahalar matsalar a lissafi, yanzu kam za su saurara.

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne kintace, yadda manhaja ke ƙiyasta saura nawa ta kai ba tare da ta leƙa kowace hanya ba. Ki tabbatar sun riƙe A* na 1968, dabarar nemo hanya mafi gajarta da taimakon kintace, da kyau tukuna. Sai dabarar yin kamar mataki ba ya goge komai, a warware wannan sauƙaƙƙiyar matsalar a ɗauki tsawon amsarta a matsayin ƙiyasi, da ita manhajar FF ta Jörg Hoffmann ta yi fice a gasar 2000. Graphplan na 1995, wani salon tsara shiri ne daban, ki taɓa shi a lakca ɗaya ya isa. Aikin ƙarshen zango kuma kowa ya rubuta nasa kintacen ya gwada a manhajar tsara shiri Fast Downward ta Malte Helmert, kyauta ce, laftof ɗin ɗalibi ma tana ɗauka, sai dai girka ta na iya ba da ɗan wahala don haka ki ware rana guda don wannan kawai.

Maganar ChatGPT kuwa ba sai kin yi musu da kowa ba. Ki ba su matsalar jera tubala mai ɗan tsawo su kai masa, amsar da ya bayar su saka a VAL, manhajar da ke duba ko kowane mataki ya cika sharaɗinsa. Tawagar Subbarao Kambhampati a jami'ar jihar Arizona ta yi irin wannan gwajin, samfuran farko na irin su ChatGPT sun sha ƙasa sosai, sababbin sun fi dama-dama amma dai ba su da tabbacin da manhajar tsara shiri ke bayarwa. Mai cewa tsohon abu ne ki tuna masa a 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka NASA ta bar manhajar Remote Agent ta tsara wa kumbon Deep Space 1 aikinsa yana can sararin samaniya, wurin da ba a karɓar amsar "ƙila daidai ne".

In kin samu lokaci a ƙarshe, kowane ɗalibi ya ɗauki takarda ɗaya daga taron masana tsara shiri na ICAPS ya gabatar a aji, 'yan mastas ne ai, su saba.