Tambaya da Amsa: Me ya sa zanen raga ke wargajewa wajen yanka?

Tambaya: Na ɗan jima ina koyon zana adon raga irin na tagogi da manhajar Inkscape. A fuskar kwamfuta zanen yana da kyau, amma idan na jera shi da yawa sai layukan su ƙi haɗuwa, kuma da aka sa shi a na'urar yanka ta leza sai tsakiyar taurarin ta zube, aka bar ni da katako mai manyan ramuka. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, matsalolinka biyu ne, kuma tushensu ɗaya: kana zana abin da ido zai gani, alhali na'ura lissafi take karantawa. Zanen bekta, wato irin wanda Inkscape ke yi, ya bambanta da hoto, domin maimakon ɗigogi yana ajiye wurin da kowace gaɓa take da yadda layi ke lanƙwasa tsakanin gaɓoɓi, bisa lissafin da Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault suka fito da shi wajen tsara jikin mota. Saboda haka giɓin da bai kai kaurin gashi ba, wanda ido ba zai kama ba, a wurin na'ura giɓi ne sosai.

Game da rashin haɗuwa, ka daina jan siffofi da hannu kana daidaita su da ido. Ka zana gida ɗaya tak, wato guntun zanen da za a riƙa maimaitawa, ka tabbata duk layin da ya fita ta damansa ya shigo ta hagunsa a daidai tsayin, sannan ka maimaita shi ta hanyar rubuta adadi. Siffofi uku ne kawai masu daidaitattun gefuna da kusurwoyi ke rufe fili su kaɗai ba tare da giɓi ba, wato alwatika da murabba'i da mai kusurwa shida. Idan ka ɗauki mai kusurwa shida wanda faɗinsa daga gefe zuwa gefe milimita 60 ne, kowane sahu zai sauka da milimita 51.96, ya kuma gusa gefe da milimita 30. Wanda ya ce bari ya cike shi zuwa 52 zai tarar bayan sahu 25 zanen ya ƙaru da milimita guda, ya ƙi zama a firam ɗinsa. Tun a 1891 Evgraf Fedorov na Rasha ya nuna cewa hanyoyin maimaita zane a shimfiɗe 17 ne, kuma babu mai juyi biyar a cikinsu, wato wanda ke komawa yadda yake idan aka juya shi kashi ɗaya cikin biyar na zagaye, kamar tauraro mai tsini biyar ko goma. Shi ya sa magina irin na hubbaren Darb-i Imam da ke Isfahan suke cike tsakanin taurarinsu masu tsini goma da wasu siffofi dabam. A ganina mai koyo ya fara da tauraro mai tsini shida ko takwas.

Matsala ta biyu ita ce ta fi cin katako. Layin da ka ba kauri a kwamfuta, na'urar leza tana bin tsakiyarsa ne kamar siririn zare, don haka duk inda ya zagaye ya rufe, abin da ke ciki zai faɗo. Maganinsa shi ne ka mayar da kowane layi siffa mai gefe biyu, ka narke su duka su zama jiki ɗaya, sannan ka haɗe su da firam. Daga nan ka cika zanen da baƙin launi ka dube shi da kyau: baƙin shi ne katakon da zai rage, kuma duk wani baƙi da ke tsaye shi kaɗai kamar tsibiri, bai dafa maƙwabcinsa ba, zai zube. Masu sassaƙa ragar dutse ta masallacin Sidi Saiyyed a Ahmedabad ta Indiya sun san wannan, domin rassan bishiyar da suka sassaƙa riƙe suke da juna har zuwa bakin taga.

Ka kuma tuna hasken leza yana cinye ɗan katako a inda ya bi, sau da yawa wajen milimita 0.1 zuwa 0.3, saboda haka kada sandunan ragarka su fi kaurin katakon siranta. Ka ajiye fayil ɗin a tsarin SVG ko DXF da ma'aunin milimita, ka goge layukan da suka hau kan juna don kada wuta ta bi wuri ɗaya sau biyu, kuma ka fara yanka gida huɗu a guntun katako, ka ɗaga shi ka girgiza kafin ka sa babban allo.